Hoton da Anti Nas ta ƙi ɗauka

Wai kun taɓa ganin mutumin da ya kasa zuwa gaida uwarsa amma ya iya korar mai wanke mata kashi? To kawuna ne wallahi.

Ita mai jinyar, Anti Nas muke ce mata. Da a asibiti take aiki, ta bari ta koma bin gida gida wajen waɗanda likita ya sallama, ba warkewa sai dai a rage musu zafi. Ta ce uwarta haka ta rasu ba mai juya ta, shi ya sa. 'Yar gajeriya ce da baƙar jaka da wani babur mai tari, tana shigowa sai ta ce "Ina amaryata?" Kakarmu kenan, ciwon daji ya cinye ta saura ƙashi.

Kamfanin da take wa aiki sun ba ta wata ƙatuwar waya, a ciki take rubuta magani kuma ta kira likita ta bidiyo. Abin na da amfani ba ƙarya, ran da Kaka ta yi ta ihu nan take likita ya ƙara magani ko ƙofa ba mu fita ba. Amma dole duk zuwa sai ta ɗauki hoton mara lafiya, in ba hoto wai ba ta zo ba. Hoton ya tafi ofis, ya tafi wayar wanda ya yi rajista, Kawu kenan. Gari ɗaya muke fa! Shi kuma ya tura wa dangi, "A sa Mama a addu'a", kamar daga ɗakin yake.

Rannan Kaka ta ɓata jikinta, gyambon bayanta ya fashe, wari har na fita na yi amai. Anti ko fuska ba ta yatsine ba, ta wanke ta, ta canza zani, ta shafa mai. Tana ciro waya Kaka ta riƙe mata hannu.

"'Yar nan don Allah ki daina nuna ni haka."

Anti ta ce "Shike nan amaryata, an rufe kallo." Ta mayar jaka.

Tun ranar ba ta ƙara ɗauka ba. Ta gaya wa ofis dalili, suka ce na'ura ba ta da wajen dalili. Kawu ya ga hoto ya daina zuwa, ya kai ƙara wai nas ba ta zuwa aiki. Mamana ta kira shi.

"Yaya kullum tana zuwa, a gabana."

"Ina shaida?"

"Ka zo ka shaƙi shaidar da hancinka mana!"

Ya kashe waya. Tir!

Sun dakatar da Anti. Jiya aka turo sabuwa, ban ga laifinta ba tsoron kora take, ko sallama ba ta gama ba ta haska Kaka ƙyal. Kaka ta juya bango, har yanzu ta ƙi magana ta ƙi buɗe baki a ba ta magani. Kawu kuwa ya tura hoton, wai "Alhamdulillahi Mama na samun kulawa".

Ofis sun ce sai mai ƙara ya janye za a dawo da Anti, shi kuma ba ya ɗaga wayarmu. Amma yana jin kunyar mutane sosai. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba har ya faɗo wayarsa, Kaka ba ta da lokacin jira.