Jar Mota Mai Kujera Biyu

Shekarar da aka ƙara mini girma, ofishinmu ya ba ni rancen sayen mota. Malamin gona nake a lokacin, ina zaune a Funtua da matata da 'ya'yanmu uku, kullum ina zagaya ƙauyukan wajen Maska ina duba auduga da masara. Abokan aikina duk sun sayi irin motar da mai hankali ke saye, mai ƙofa huɗu da wurin zuba buhunan taki. Ni ma irinta na fita nema.

Sai aka ce mini wani Bature da ke aiki a wurin gurzar auduga zai koma gida, yana neman mai sayen motarsa da araha. Na je. Ja ce wur, tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Kujera biyu gare ta, kuma ba rufi. Da tana da na tamfol, in ji shi, gara ta cinye. Na tarar da wani Alhaji mai fataucin hatsi a ciki, ya shiga gwaji ya kasa fita. Baturen da kukunsa suna jan hannuwansa, shi kuwa yana cewa su bi a hankali kada su yaga masa riga. Da aka zaro shi ya gyara zaman hularsa, ya ce ko kyauta ba ya so.

Ni siriri ne, na shige kamar an auna ni kafin a ƙera ta. Baturen ya ce in ja mu hau titin Malumfashi. Ina taka ta ta yi wani irin gurnani, itatuwa suka riƙa gudu baya, iska ta ɗauke mini hula. Na ji ina dariya ni kaɗai, abin da rabona da shi tun ina makaranta. Muka dawo ba hula, na ce na saya.

Matata ta fito ƙofar gida da ƙaramin a goye. Ta zagaya motar, ta leƙa bayan kujerun.

"Malam, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran motar."

Na ce ai ke nan, haka ake yin ta. Ta tambaye ni cikin yaran wanne za mu riƙa ɗauka, wanne za mu bari. Na ce za a san yadda za a yi. Ta ce to, ta koma kan tuwonta.

Ran Lahadi na kai wa mahaifina ita Gozaki ya sa albarka. Manyan motocin ɗaukar auduga sun haƙe gefen hanyar, sun bar tudu a tsakiya. Ana ganin rufin coci daga nesa motata ta hau tudun nan da cikinta ta zauna, tayoyin suna ta juyawa a iska. Shanun noma aka kawo suka ja ni har ƙofar gida, ina ciki ina riƙe da sitiyari, ina amsa gaisuwar mutane.

Baba dattijo ne a coci, ba ya gaggawar magana. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya dafa kafaɗata.

"Ba komai. Kowa da haka ya fara. In ka samu hali sai ka je su ƙarasa maka ita."

Na yi masa bayani, ya gyaɗa kai, amma bai yarda ba. Da yamma na ji yana gaya wa maƙwabta cewa rufin yana hanya daga Legas.

Haka na shiga aiki da ita. Ba ta iya hanyar gona, don haka na ɗaura keke a bayanta. In na kai ƙarshen kwalta sai in ajiye ta a inuwa, in kwance keken in ƙarasa da shi. Da damina ta faɗi kuma sai na buƙaci mai riƙe mini lema. In hadari ya haɗu, nakan tsaya bakin titi ina roƙon mutane su zo in rage musu hanya. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta riƙe mini tun daga Funtua har mararraba, ta sauka a jiƙe sharkaf, ta ce gobe kada in tsaya mata.

Amma in hanya ta miƙe, rana ta yi sanyi, ba abin da ya kai ta daɗi. Wannan ba zan musa ba.

Sai auren ƙanwata ya taso. Baba, ba tare da ya tambaye ni ba, ya sanar a coci cewa ango da amarya za su koma gida a motar ɗansa. Ranar ɗaurin aure, bayan an fito, muka tsaya cirko-cirko. In na tuƙa, ɗaya daga cikinsu zai bi ƙasa. Fasto ya ce yanzun nan ya haɗa su, ba zai tsaya yana kallo a raba su a ƙofar coci ba. Angon kuwa ko keke bai ƙware ba.

Dattawa suka koma gefe suka yi shawara. Hukuncin da suka yanke shi ne, ango da amarya su zauna a kujerun biyu, a kashe injin, matan ƙungiyar zumuntar coci su tura daga baya, ni kuma in bi ta gefe a ƙasa ina juya sitiyari, tunda ba rufin da zai hana ni.

Da farko abin ya tafi daidai. Mata suna turawa suna waƙa, ni ina tafe a sunkuye cikin kwat, kaina kusa da kunnen ango. Da muka zo gangaren rafi sai na ji waƙar tana yin nisa. Na waiga, na ga matan a tsaye can baya, hannuwansu a miƙe. Na fara sassarfa, na koma gudu.

"Taka birki," na ce wa ango.

"Wanne ne, Yaya?"

"Na tsakiya."

Ya sunkuya yana ƙirga su da hannu. Sitiyarin ya kuɓuce mini. Motar ta sauka daga hanya, ta ratsa wata gonar gyaɗa, ta shige cikin tarin karan dawa ta tsaya. Da muka yaye karan muka same su a zaune ƙalau, ƙanwata tana cire ganye daga mayafinta. Ta ce in da hali a mayar da su sama a sake.

Daga ranar ba a ƙara aure a cocinmu ba tare da motar ba. Har daga Kafur ake aiko wa Baba roƙo. Kuma ba wanda ya yarda a tayar da ita. Kowa so yake a tura shi, kamar yadda aka yi wa na farko. Wata amarya ta yi kuka don an tsayar da su kafin gangaren. Motar ta koma kwana a Gozaki, ni na koma kan kekena.

Da matata ta haifi na huɗu, ita da Baba suka gama magana a bayan idona. Tunda aure ba ya buƙatar inji, aka sa makaniki ya ciro shi, aka kafa mata injin niƙa a bayan gida. Matan zumunta suka aiko da godiya, suka ce yanzu ta fi sauƙin turawa.

Injin bai saba da tafiyar hankali ba. Kafin mace ta gama ɗaura zaninta ya niƙe mata masara, garin ya fito da zafi har sai an shanya shi ya huce. Matan unguwa suka yi ta ƙorafi, suna kuma kawowa. Da ribar niƙan matata ta saya mini babur, ta ce in yi haƙuri, wannan ma kujera biyu ne.