Sabulun Inna da Tiyon Fetur

Motar yayana Fijo ce mai dogon baya, amma sunan kawai ya rage mata. Da injinta na asali ya mutu, wani bakanike a bayan tashar Ƙaura Namoda ya dasa mata injin wata ƙaramar motar Japan. Aka ƙara mata sifirin don ta ɗauki buhunan gero, bayanta ya ɗaga, ko a tsaye take sai ka ga kamar gangara take yi. Komai ya zauna in ban da wuri ɗaya. Bututun ƙarfen da ya taho daga tanki siriri ne, tiyon da ya fito daga sabon injin kuwa ya fi shi faɗi. A mahaɗarsu, can ƙarƙashin mota, fetur yake tsattsafowa.

Maganin da direbobinmu suka sani shi ne sabulu. A kwaɓa shi ya yi laushi, a liƙe mahaɗar, a bar shi ya bushe. Fetur ba ya narkar da sabulu, ruwa ne ke narkar da shi. Yaya ya liƙe wurin tun bayan kaka, ya yi rani guda yana jigila tsakanin Shinkafi da Ƙaura da Zurmi, har ya manta da shi.

A shekarar ne yanar ido ta gama rufe idanun Inna, mahaifiyarmu. Sai aka kawo sanarwa gidan rediyon da nake aiki, ni ma na karanta ta da bakina: likitocin ido za su zo Ƙaura, rana ɗaya za a rubuta sunaye, da azahar a rufe. Wanda bai samu shiga ba sai wata shekarar. Na taho gida Badarawa don mu kai ta.

Da safe na tarar da Yaya a bakin rijiya yana wanke mota. Ban taɓa ganin ya wanke ta haka ba. Har durƙusawa ya yi yana watsa bokiti bokiti a ƙarƙashinta. Na tuna masa cewa Inna ba ta gani.

Ya ce, "Da dawowa fa?"

Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune kusa da ita, ta hannun wani saƙon yake bi. Ta zauna gidan gaba, ni ina bayanta. Mun yi nisa da gari sai ta ɗaga kai.

"Ɗan rediyo, gaya ma wancan motatai na zubda mai."

Yaya ya ce, "Ce ma Inna ƙamshin wanki ne."

"Ce mai idanu na rasa. Hancina na nan inda yake."

Muka tsaya. A bayanmu ɗigon fetur ya ja layi a kan kwalta har inda ido ya ƙare. Na leƙa ƙasa. Mahaɗar tsaf take, babu ko ɓurɓushin sabulu, tana ɗiga kusa da salansa mai zafi. Allurar mai ta mutu tun zamanin tsohon inji, ba mai iya cewa ga abin da ya rage a tanki. Na duba agogo, sha ɗaya da kwata. Hanyar kuma ba irin wadda ake son daɗewa a kanta ba ce.

Yaya ya laluba aljihunsa, ya laluba akwatin gaba. Sabulun yana bakin rijiya.

Inna ta kwance ƙunshinta da lalube. Zane biyu, carbi, goro, soso, da sabulun wanka sabo fil mai ƙamshi, wanda matata ta saya mata don asibiti. Ta riƙe shi a hannu ta ɗan jima.

"Da mi zan yi wanka gaban likita?"

Na ce, "Rabi kawai, Inna."

"Rabin na sani. Da rabi munka fara saida gonar fadama, har ta ƙare."

Ta miƙo mini, na miƙa masa. Sabulun ya yi tauri, babu ruwa sai ɗan na buta, Inna ta ce na alwalarta ne. Yaya ya gatsa, ya tauna, ya tofa a tafin hannu. Idanunsa suka kawo ruwa.

Da na kwanta gefensa sai na ga bakin tiyon ya tsage. Na ce a yanke tsagaggen, a tura tiyon ya shiga sosai, a ɗaure da waya kafin a shafa sabulun. Ya dube ni kamar yadda direba ke duban fasinja mai shawara. Sannan ya tashi ya warware wayar da ke riƙe da eriyar rediyon motar.

"Dama labarunku ba su da daɗi kwanan nan," in ji shi.

Ya yanke, ya tura, ya murɗa wayar da filaya, ya shafe. Muka jira sabulun ya sha iska. Da ya tayar da mota ba mu tambayi juna ba, Inna muka duba. Ta shaƙi iska sau biyu.

"Ce mai mu tahi."

Mun shiga Ƙaura ana haramar kiran salla. Mai rubuta sunaye ya riga ya rufe bironsa, ya sake buɗewa.

Ranar da aka sallame ta bayan aikin ido, Inna ta fito tana kare ido da hannu. Ta tsaya gaban motar, ta zagaya ta a hankali, ta dubi ƙofar da ba launinsu ɗaya da sauran ba, ta dubi eriyar da ta kwanta a kan rufi.

"Ɗan rediyo, wagga ce ta kawo ni?"

"Ita ce, Inna."

"Da ina jin ta kawai, ta fi haka kyau."

Sai ta juya wajen Yaya. Ta daɗe tana kallonsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana goge madubin da babu datti a jikinsa.

Ta ce da ni, "Ashe ya yi hurhura."

Ta kwance ƙunshinta, ta ciro sauran sabulun, har da shaidar haƙoransa a jiki.

"Ba shi ya aje. Kuma ce mai kada ya ƙara wanke ta."