Nozul Takwas a Daro Ɗaya

Shekarun baya, can farkon shekarun casa'in, mahaifina ya tafi aikin Hajji ya bar mini makullin motarsa. Tsohuwar akori-kura ce, da ita yake ɗauko doya daga ƙauyukan bayan Maikunkele ya kawo kasuwa. Asalinta mai shan fetur ce, wani bakanike a Kaduna ya cire injinta ya dasa mata na man gas, ɗan Beljiyam, wato na hannu, wanda babu wanda ya san daga jikin wace mota aka ciro shi. Bakaniken ma ya riga mu gidan gaskiya. Ranar tafiya mahaifina ya ce, "Ka riƙa ɗumama ta da safe. Kada ka buɗe mata ciki. In mun sauka, da ita nake so ka zo ɗaukata."

Ni lokacin akawu ne a sakatariya, amma ina jin kaina rabin bakanike, don kawai na taɓa canja wa babur fulogi. Motar kuwa tana da baƙin hayaƙi, in na taka ta cikin gari sai masu babur su riƙa toshe hanci suna harara ta. Abin yana ba ni kunya. Da aka ce jirginsu zai sauka nan da kwana uku, sai na ƙudurta zan tarbi Alhaji da mota mai numfashi fes.

Wani abokina yana da gareji a Ketaren Gwari, ya taɓa ce mini nozul ne suka yi datti, wato ƙarafan nan huɗu da ke fesa mai cikin injin. Na je da motar ban same shi ba, ya fita sayen kaya. Maimakon in jira, sai na ɗauki sifana na kwance su da kaina. Na ga daro cike da baƙin gas a gindin bishiya, irin wanda suke jiƙa kaya a ciki, na zuba su, na zauna ina goge hannu kamar wani oga.

Da ya dawo na ba shi labari. Ya tsuguna ya tsoma hannu cikin daron yana fito da su ɗaya bayan ɗaya. Takwas ya jera a kan buhu.

"Huɗu na bas ɗin wani ne," in ji shi. "Tun jiya na jiƙa su. Wanne ne naka?"

Na duba. Duk baƙaƙe, duk kusan tsawo ɗaya. Lambar da ke jikinsu tsatsa da burushin waya sun cinye ta tuntuni.

"To ba sai mu sa kowanne ba?"

"Sa mana. In ya fesa man da ya fi ƙarfin injin, ya huda fistan, sai ka faɗa wa Baba inda za a samo wani, tunda injin nan ko sunansa ba mu sani ba."

Garin gyaran gira zan rasa ido. A tasi na koma gida, mahaifiyata ta tambayi mota na ce an kai ta wanki. Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗen garinta. Tuwon ranar ban san ɗanɗanonsa ba.

Washegari abokina ya kai ni wurin wani tsoho a bayan tashar jirgin ƙasa, wanda ya yi ritaya daga gyaran injinan reluwe. Yana da wani famfon hannu mai agogo, in ya ɗaura nozul ya danna, allura ta hau, sai mai ya fito fuu kamar feshin turare. Hausarsa irin ta ’yan bariki ce. Ya saurari abokina, sannan ya juyo kaina.

"Mota naka ne?"

"Ta mahaifina ce, Baba."

"Shi ya ce ka bude?"

Na sunkuyar da kai.

Ya gwada su ɗaya-ɗaya, ba ya gaggawa, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Ina ta addu'a su rabu huɗu da huɗu. Ba su rabu haka ba. Huɗu suka buɗe a wuri ɗaya, uku a wani wurin, ɗaya kuma ya ware shi kaɗai, bakinsa ma ya ɗan fi na sauran tsawo. Abokina ya ce na bas ɗin shi ya ɗaura su bara, saiti guda ne, don haka ukun nan da baƙon su ne namu.

"Wane rami ka cire wannan?" tsohon ya tambaye ni yana riƙe da baƙon.

Ban sani ba. Ko a raina bai zo ba cewa kowanne yana da raminsa.

Ya yi tsaki, ya ɗauki hularsa da tocila, muka taho gareji. Ya leƙa ramukan nan ya daɗe. A na uku ya sa waya ya zaro wosha biyu na jan ƙarfe, alhali sauran ɗai-ɗai ne.

"Ka gani? Wancan mutum da ya dasa injin bai samu daidai ba, ya sa mai tsawo, ya kara masa wosha. Ya san aiki. Hayaki daga nan yake zuwa, amma mota zai tafi. Ka bar shi."

Aka mayar da su, aka fitar da iska, abokina ya murza makulli. Ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa, batir ya fara ja da ƙyar. Ni dai na riƙe ƙofa. A karo na huɗu ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin. Wallahi ban taɓa murnar ganin hayaƙi irin ta ranar ba.

Da jirginsu ya sauka na je da ita filin jirgi. Bayan an gama gaishe-gaishe, mahaifina ya ce in tayar. Ya ɗora tafinsa a kan bonet, ya karkata kai yana saurare, ni kuma zuciyata tana bugawa fiye da injin. Can ya juya wurin ƙaninsa da ya zo tarba.

"Ka ji ta? Yadda na bar ta. Wannan in ka ba shi amana, je ka yi barcinka."

Na buɗe baki, sai na ga yadda fuskarsa ta cika da jin daɗi, na ce, "Allah ya sa an yi karɓaɓɓiya, Baba."

Daga ranar komai nasa ni yake damƙa wa, takardun gida, gona, har maganar auren ƙannena. Na yi iya ƙoƙarina, ban sake taɓa abin da aka ce in bari ba, kuma har yau in zan kwance ko fanka ce sai na yi wa kowace ƙusa alama. Sau da yawa na zauna kusa da shi da niyyar in faɗa masa, ina cewa bari sai ranar da yake cikin raha. Na san da dariya zai yi, ya kira ni injiniyan daro. Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar da ta dace, har muka kai shi makwancinsa ban faɗa ba.