Ruwa Ba Ya Riƙe Sawu

Kakata Hassu ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina girma ba, amma wallahi in tana ba da labarin teku sai ka ɗaga ƙafa don kada ka jiƙe. A wani ƙauye muke kusa da Dakoro, zamanin Faransa. Lokacin ɗari, in an gama cin tuwo, sai ta tura karan gero a wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Inna mahaifiyata kuwa tana can gefe tana kaɗi, ba ta sa baki a hirarmu.

Babana ba ya nan. Ina goye mutanen kumandan, Baturen mulki, suka zo ɗibar soja, suka haɗa da shi, aka ce an sa su a jirgin ruwa an ƙetare da su. Wasu sun dawo, shi kam shiru. Shekara bakwai Inna tana zaune, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Kawunnena sun zo daga Kornaka har sau uku, a yi masa sadaka a sallame ta. Kaka ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa, ta ja bakinta. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa don kunya, balle ta yi kukansa a gaban mutane.

Kaka takan fara tatsuniyar teku da cewa, "Ga wata nan ta taho, wa za shi tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne!"

Wai wani makiyayi ne, rijiyoyin ƙasarsu suka ƙafe, shanu na faɗuwa da ƙishi. Ya ce wa uwarsa zai je ya gano inda ruwa ke kwana, ya koro shi gida. Ya yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare. Nan ya sassaƙa jirgi da kututturen gawo, ya shiga teku, ya ƙware a tuƙi har kifaye suka san muryarsa. Bai damu da hanya ba, don a wurinmu ko yaro ya san yadda ake komawa gida: ka juya ka bi sawunka. Ran da ya juya, sai ya ga babu komai bayansa.

"Ruwa ba ya riƙe sawu, jikokina," in ji Kaka. "Wayyo, da wani ya gaya mishi tun da wuri!"

Sai ya tuƙa zuwa inda teku ya haɗu da sama, ya ci gaba da hawa, ko zai hango hayaƙin gidan uwarsa. Ya hango kuwa, amma jirgi ya ƙi sauka. Ya hura wuta a ciki don ta gane shi. Shi ne tauraron nan mai haske da ke fitowa yamma da magariba.

Ni ne sarkin tambaya. "Kaka, to yaushe zai sauko?"

"Kai maigida, ka cika surutu! Igiya yake tufkawa. Tahi ka kwanta."

Haka take amsa mini kowace shekara. Wata rana, ina rufe baki, sai muka ji mazarin Inna ya tsaya. Matar da ko ido ba ta haɗawa da surukarta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Iya, mutumin nan na sama, bai bar mata a gida ba?"

Kaka ta daɗe tana tona toka da kara. Can ta ce, "Ya bari. Uwar ce ta riƙe ta, don in yarinyar ta tahi, babu mai taya ta jira." Ta ajiye karan. "Babu igiyar da ta kai can, ɗiyata. Na daɗe da sani."

Washegari da kanta ta jiƙa gero, ta daka gumbar sadaka, ta aika a kira liman. Inna ta shiga takaba, da ta fita kawunnena suka tafi da ita. Ni aka bar wa Kaka, tunda ɗan gidan ne.

Na ji haushin tsohuwar nan, ba kaɗan ba. Gani nake da bakinta ta kashe mini uba, ta kuma kore mini uwa. Sai da na yi furfura na gane cewa a duniyar nan wuri ɗaya take da shi da za ta yi zancen ɗanta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, shi ne bakin wutar nan. Shi ta bayar don ta saki ɗiyar mutane. Ba ta sake yi mana tatsuniyar ba, in mun roƙa sai ta ce ta manta. Shekara huɗu ta ƙara a raye, kuma kullum da rana ta faɗi sai ta shige ɗaki ta saki asabari, tun tauraron bai fito ba.