Na kai gindin ɗorawa, ashe jini na taruwa a kaina

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayar ina Nura mai keken ƙafa ɗaya ya shige, ga ni. Ban mutu ba, ban kuma haukace ba, ko da yake an faɗi duka biyun.

Wasu abubuwan da zan faɗa ni na tuna su, wasu ba ni labari aka yi. Ku yi haƙuri in na haɗa su.

Waɗanda ba su san mu ba, mu 'yan tsiraru ne a wajen Bagwai da muke hawan keke mai taya ɗaya, ba kan kwalta ba, cikin kwazazzabai da tudun duwatsun bayan gonaki. Mutanen gari kallon marasa aikin yi suke mana. Auwalu mai walda ne babbanmu, shi ya haɗa mana kekunan.

A wasan nan faɗuwa kamar shan ruwa ce, don haka muna da doka. In ka sha ƙasa, ka tashi ka hau, ka bi siririyar hanyar da ta raba gonaki har gindin wata ɗorawa. In ka kai ba ka sauka ba, lafiyarka ƙalau, ba mai sake tada zancen.

Da damina ne. Ina gangarowa, tayata ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse, ƙeyata ta daku. Hular saƙa ce kawai a kaina. Na ga wuta, na tashi, na hau, na kai ɗorawa. Aka yi min tafi.

Shi ke nan, ni kaina na manta.

Bayan makonni sai ciwon kai. Mai kyamis ya ce maleriya ce. Na sha magani, ya ce to taifot. Na sha wannan ma.

Daga nan abin ya fara ba ni tsoro. In tada sallah in rasa raka'a ta nawa nake. In fita zuwa gona in tsinci kaina a tasha, ban san me na zo yi ba. Kofi ya dinga suɓucewa daga hannuna na hagu. Ni da nake tsayuwa a kan taya ɗaya, na koma dafa bango kafin in kai banɗaki.

Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ai dama na faɗa. Kuna ta tsalle-tsalle a kan duwatsun da ba ku san masu su ba."

Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Ban ƙi ba, don wallahi ni ma na fara yarda. Me zan ce? Ina jin mutane na magana, na san kalmomin, amma ba sa haɗuwa.

Ranar da na kira matata Rabi da sunan ƙanwata da ta rasu, ranar Auwalu ya ɗauko mota. Asibitin kusa suka ce mu wuce Kano.

A can Kano, an ce likita ya tambaya, "Ya taɓa buguwa a ka?"

Inna ta ce a'a. Auwalu ya ce, "Ya faɗi dai kwanaki, amma ya kai ɗorawa."

"Ya kai ina?"

Auwalu ya yi masa bayanin dokarmu tiryan-tiryan, har da alfahari. Likita ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a tafi hoton ƙwaƙwalwa yanzu-yanzu.

Hoton ya nuna jini kwance tsakanin ƙoƙon kaina da ƙwaƙwalwa. Wai tun ranar da na faɗi yake tsattsafowa kaɗan-kaɗan, yana danne ta. Likita ya ce mutum zai iya hawa keke, ya yi noma, ya yi dariya, alhali abin na taruwa.

Kuɗin hoto da na tiyata sun cinye gyaɗar da muka ajiye da tumakin Inna biyu. Abokan hawa suka cika sauran.

Suka aske ni, suka huda ƙoƙon, suka sa 'yar roba jinin ya fita. Abin da na fara tunawa shi ne silin ɗakin, da wata nas tana tambayata sunana da sunan garinmu. Kullum da safe sai ta tambaya. Na ji haushi, na ce, "Baiwar Allah, ke ba kya riƙewa ne?" Ta yi dariya ta ce yau kam na dawo.

Yanzu ina tafiya ba dafa bango, hannuna ya saki. Keke kuwa an hana ni, ban ma sani ba ko ina so.

Alhamdu lillahi. Inna, Rabi, likitoci da nas-nas, Allah Ya biya ku. Auwalu, ka daina sunkuyar da kai in ka gan ni, tare muka kafa dokar nan.

Shawarata: ku sa hular kwano, ko taya ɗaya kuke hawa ko babur. Wanda ya bugu a ka, ku sa masa ido ko da ya miƙe yana wasa. In ciwon kai ya ƙi tafiya, ko ya fara rikicewa, ko gefe ɗaya na jikinsa ya yi sanyi, ku yi addu'a kuna hanyar asibiti, kuma ku gaya wa likita ya taɓa faɗuwa ko da an daɗe.

Don ba komai ne yake dawowa ba. A cikin kwanakin da ba na cikin hayyacina Rabi ta haihu. An ce ni na karɓi yarinyar, ni na yi mata huɗuba a kunne, na ce Safiyya. An nuna min hoto, ga ni nan da farar riga ina murmushi.

Na tambayi Rabi me ya sa na zaɓi sunan, tunda ba mu da Safiyya a dangi. Ta ce ita ma jira take in warke ta tambaye ni.