A Bar Shi

Har yau in na ji warin baƙin mai a jikin ƙarfe mai zafi, sai raina ya ɓaci, ko da a bakin injin niƙa ne. Warin katafilar nan ke nan da ta sauka bayan garinmu, wajen Farin Dutse, shekarun da kuɗin fetur ya sa ake shimfiɗa kwalta ko'ina.

Da rani ne, an gama sussuka. Masu aikin hanya na fasa dutse da nakiya, in ta tashi har kwanukan jeren Inna sai sun amsa. Ni kuwa kullum ina gindin katafila, baki buɗe. Direbanta, wani dattijo mutumin Birnin Kudu, ya gaji da ganina ya miƙo mini tsumma. Kafin bazara na san aikin kowane ƙarfe da hannunsa ke taɓawa. Ran nan ya ce, "Mun kusa tashi. In mahaifinka ya yarda, ka biyo ni in koya maka."

To, a nan gizo ke saƙar. Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Kunyar ɗan fari, ka san ta. Sai na aiki kakata, wadda ke kirana mijinta tana tsokanata da rowa.

Ta same shi a zaure yana tufka igiya, ni ina laɓe bayan zana. Bai ɗago kai ba, ya ce, "A bar shi."

Ta fito ta ce, "Ka ji da kunnenka, maigida. Ya ce a bar zancen."

Na haƙura. Ina ji ina gani aka ɗora katafila a babbar mota, ni na koma wa fartanya da baƙin ciki, na yi ta riƙe Baba a zuciya.

Sai da ya tsufa, kakata ta daɗe da rasuwa, na ji shi yana hira da ɗana a zauren nan. "Ubanka ai matsoraci ne. Da ya so bin masu katafila na ce a bar shi ya tafi, ya ƙi."

Wallahi sai da na dafa bango. Ashe ni yake nufi a bari, ba zancen ba! Ko kakata kuskure ta yi, ko rabuwa da mijinta ne ba ta so, Allah masani. Abin haushin, ko a ranar ban iya shiga na ce masa komai ba.

Yanzu yara na zama kujera ɗaya da iyayensu, tsofaffi na ta ƙorafi. Ni dai ɗan farina da sunansa nake kiransa, da ƙarfi, a tsakiyar kasuwar Sara. Ana cewa ba ni da kunya. Ina da ita. Na san abin da ta ci mini ne.