Rakiyar Kumbon Kawu Daga Mahjar

Mahjar

Muna sallame Asuba muka fito, gari bai gama wayewa ba. Ni Umra ce ta kawo ni, na sauka a Jidda, unguwar Mahjar, gidan Kawu Bala, ɗan wan kakata, haifaffen nan. Na tarar ba a zancen komai a gidan sai kumbo, ni kuwa ba a tafiya a bar ni a ɗaki.

Ga asalin abin. Muna yara wani ɗan ƙasar nan ya je sararin samaniya, sai wani mai filin wasan yara a bakin teku ya sa a ƙera masa kwaikwayon kumbon, tsawo da girma daidai da na gaske. Kafintocin jirgin ruwa aka ba aikin, har da Kawu. Suka yi masa haƙarƙarin katako irin na jirgi, suka rufe, suka shafa farin fenti. Da wurin wasan ya mutu aka jibge kumbon a wani fili a Mahjar, Kawu ya sa masa kwaɗo ya ci gaba da kula da shi, ba wanda ya sa shi. Yanzu mai filin zai yi gini. Wata makaranta a arewacin gari ta ce tana so, in kuwa ba ta karɓa ba, farfasa shi za a yi.

Mun same shi an raba uku a kan tireloli. Ina matsawa wani ƙarni ya buge ni kamar na shiga kasuwar kifi. Kawu ya ce man kifi ne, da shi masu jirgi suke raya katako, gara ba ta ci, gishirin teku ba ya ci. Duk shekara yake shafa wa cikin kumbon, jiya kuma ya ƙara masa sabo, don ba a sa jirgi a doguwar hanya da busasshen jiki. Na ce, "Kawu, yau ko ba hon za a ba mu hanya." Ya watso mini harara, muka hau ta gaba wadda ɗansa Usama yake tuƙawa.

Balad zuwa Bagdadiyya

Tafiyar hawainiya muka yi. Muka bi ta gefen Balad, tsohon cikin gari, masu shaguna suna buɗewa, kowa ya saki abin da yake yi ya ɗaga waya. Kawu ya miƙe wuya sai ka ce shi ya je saman. Wallahi ni ma na ji kaina ya yi girma.

Gaba kaɗan 'yan sandan hanya suka tsayar da mu. Ɗaya ya duba takardar izini da iƙamar direbobi, wato katinsu na zama a ƙasar, ya zagaya baya, ya dawo yana tambayar Usama da Larabci ko kumbo muka ɗauko ko kifi. Ya yi dariya ya ce yalla, mu wuce.

A Bagdadiyya muka karya da ful da tamis, wato waken Larabawa da faffaɗar gurasa mai zafi, muka kora da shayin madara. Nan Kawu ya ba ni labarin irin waɗannan kumbunan da ya ji an yi a wasu ƙasashe, aka bar wa rana da ruwa har suka ruɓe. Nasa ko ƙusa ba ta saki ba. Muna tashi muka ga kuliyoyin unguwar sun yi layi a ƙarƙashin tirela.

Makaranta

Hantsi ya dubi ludayi muka isa, rana ta gasa man nan ya nuna sosai. Mudir, wato shugaban makarantar, ya tarbe mu da fara'a, ya hau tsani ya shiga ɗakin matuƙa. Bai daɗe ba ya sauko da gefen rawaninsa a hanci. Ya ce ba zai sa 'ya'yan mutane cikin wannan ba.

Kawu ya yi masa bayani da Larabcinsa na 'yan Jidda, Usama yana fassara mini. Mutumin bai raina shi ba, ya ƙwanƙwasa katakon ya yarda da ƙarfinsa. Sai ya kawo sharaɗi: a kankare man gaba ɗaya, kamfani ya shafa nasa maganin mara wari, a ba makaranta mukulli. Kawu ya tambaya ko zai riƙa zuwa duk shekara. Mudir ya ce ya zo ya gani, marhaba, amma ban da taɓawa.

Raina ya ɓaci, na ce wa Usama ya tayar da mota mu juya. Kawu ya riƙe mini hannu.

"Mu juya ina, Sabi'u? Gara ya rayu a hannunsu da ya mutu a nawa."

Ya ciro mukullin daga aljihu ya miƙa, ya ce halas, wato shi ke nan. Bai tsaya ganin saukewar ba.

Gida

Bayan La'asar muka iso Mahjar. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, kumbo bai ko ƙwarzane ba, ga Usama kuma da abokan tuƙinsa, Allah Ya saka da alheri.

Kawu ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Matarsa, Inna Zulai, wadda ta shekara talatin tana mitar ƙarnin nan, ta fito da ruwan ɗumi da lemun tsami don ya wanke hannu. Ya dube ta ya yi murmushi.

"To Zulai, daga yau kin huta."

Ta tsaya da kwanon a hannu, ba ta ajiye ba. Ita ce ta fara kuka.